Mai Gawayi da Surukinta Mai Gas

Yayata Mashudatu ta fi shekara talatin tana sayar da gawayi a bakin hanyar da ta ratsa Moshi Zongo a Tamale, kuma ban taɓa ganin an kayar da ita a musu ba. Ba wai kullum ita ke da gaskiya ba, gajiya ce dai ba ta yi. Ni ce Zuleiha, ƙanwarta da ke bi mata, gida ɗaya muke zaune, don haka na fi kowa sanin wahalar ja da ita.

Ba ta tashi da sana'ar ba, a gidan aure ta tarar da ita. Uwar mijinta Buraima ce mai rumfar, ita kuwa tana amarya ta riƙa zuwa taya ta ƙulla gawayi. Tsohuwar ta rasu, ba a daɗe ba Buraima ya bi ta, ya bar Mashudatu da 'ya mace da ƙannenta maza biyu, babu gona babu shago. Dangi suka taru suna shawarar yadda za a raba yaran. Ta saurare su har suka gama, ta yi musu godiya, washegari ta ɗaura tsohon zane ta buɗe rumfa. Babu yaron da ya kwana a gidan wani.

A wancan lokacin gawayi ba abin nema ba ne. Matan ƙauyukan da ke kewaye da Tamale ke kawo shi a ka da sassafe, har suna roƙo a saya. Da shi ta ciyar da yaran, da shi ta sa su makaranta, da shi ta sauya rufin ɗakinmu. Tafin hannunta ya yi baƙi irin wanda sabulu ba ya fitarwa, muryarta kuma ta buɗe, tana magana a rumfa ana ji a masallaci. Da tafiya ta yi tafiya 'yan uwanta masu sana'ar suka naɗa ta Magajiyarsu, ita ke raba faɗa, ita ke tsayawa gaban direbobi idan sun kawo lodi.

Rumfar kuwa ba gawayi kaɗai ake samu a cikinta ba. Nan ake barin makullin gida, nan ake ajiye saƙo, nan mai waina da mai koko ke tsayawa su sauke abin da ke ransu kafin su wuce. Bayan rumfar akwai tulin garin gawayi, ɗan burbushin nan da ke saura a gindin buhu. Kowa zubarwa yake, ita ta ƙi. Shekara da shekaru tana tarawa tana rufewa da tsohon kwanon rufi, har tulin ya kusa kai tsawon mutum. In aka tambaye ta amfaninsa sai ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ba ta zubar da abin da aka sha wahalar ɗaukowa.

Ana nan sai 'yarta Bashiratu, wadda ta zama malamar makaranta, ta zo da maganar wanda take so. Bashiratu 'yar fari ce, uwar ba ta kama sunanta, kuma ba ta zama su yi irin wannan hira, don haka ni aka faɗa wa, ni na kai.

"Ɗan gidan wa ne?" in ji Mashudatu.

Na ce iyayensa suna Bawku, shi kuwa a unguwar Kanvili yake haya, sunansa Mudasiru.

"Yana sallah?"

"Yana yi."

"Me yake yi na sana'a?"

Na ɗan gyara zama. Na ce yana da shago, yana sayar da silinda da murhun gas, yana kuma karɓar silindar mutane a motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kai a cika ya dawo musu da ita har gida.

Ta dube ni kamar ni na zaɓo shi. Ta ce duk samarin da ke Tamale, da teloli da kanikawa da masu tuƙa yelo-yelo, keken fasinja mai ƙafa uku, yarinyar nan ba ta ga kowa ba sai wanda ya rantse zai kashe mata kasuwa. Amma da ta sa aka bincika aka ce yaron kirki ne, ba ta hana ba. Aka yi biki, ta dafa shinkafar bikin da gawayinta, ta tabbatar kowa ya san da gawayi aka dafa.

Tsakaninta da Mudasiru sai kunya irin ta surukai, kuma dukansu biyu sun riƙe ta da kyau. In ya zo, tun daga ƙofar gida zai cire takalmi, ya tsuguna nesa, ya yi gaisuwa yana kallon ƙasa. Ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon bango. In da wata magana bayan gaisuwa, ni ake faɗa wa, ko da kuwa suna jin numfashin juna.

Da azumin farko bayan auren ya zo, ya kawo wa surukarsa kayan azumi kamar yadda ake yi. Sukari da ganyen shayi da madara da turmin atamfa, sai kuma abin da yaran gida suka shigo da shi suna nishi, sabuwar silinda cike da gas, da murhunta a kwali.

Ya tsuguna ya ce da ni, "Mma Zuleiha, ki gaya wa Mma ta sha wahala ya isa haka. Ta rufe rumfa ta huta, ni zan ɗauki nauyinta. Ga wannan ta riƙa girki ba hayaƙi ba toka. Gawayi dai kwanansa ya kusa ƙarewa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na ga haka a fuskarsa. Mashudatu ta sa masa albarka mai tsawo, har da iyayensa da kakanninsa. Yana fita ta cire mayafi ta jefar.

"Kin ji ko? Zaunar da ni zai yi. In zauna a tsakar gida ina korar kaji, ina jiran a kawo mini tuwo."

Kyautar suruki ba a mayar da ita, wannan cin fuska ne da ba ya wankuwa. Magajiyar masu gawayi kuma ba za a leƙo a gan ta tana girki da gas ba, gara ta ci ɗanye. Sai ta sa aka kai silindar lungun baranda inda iska ke wucewa, ta lulluɓe ta da farin leshi, ta ɗora rediyonta a kai. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa. "Kyautar mijin yarinyar nan ce," za ta ce, "ka ga yadda ta dace da rediyo."

Daga nan musu ya fara, ni kuma na zama 'yar aike da furfurata. Kowace Juma'a nakan hau yelo-yelo in je Kanvili duba Bashiratu, to kafin in fita sai an ɗora mini saƙo, in zan dawo ma a ɗora mini amsa.

"Ki tambaye shi," in ji ta, "matar da ta samu abin miyar yau kaɗai, zai ƙulla mata gas a leda ta je ta dafa? Ni ina ƙullawa."

Na kai. Mudasiru ya yi dariya ya ce in gaya mata wadda ke sayen ƙulli kullum, in ta duba a ƙarshen wata, ita ta fi kowa kashewa. Na dawo da wannan. Ta ce in gaya masa talaka ba a ƙarshen wata yake cin abinci ba, yau yake ci.

Ya ce hayaƙi na cinye ƙirjin mata. Ta ce ba ta taɓa jin kurfoti, murhun gawayi, ya tashi da rufin gida ba. Ya ce ai sakaci ne ke kawo wannan, in an kula da tiyo babu abin da zai faru. Ta ce to farashin fa, me ya sa duk lokacin da dala ta yi tari sai gas ɗinsa ya kama zazzaɓi? Ya ce gawayinta ma ai ba a ƙafa yake zuwa ba, mota ke kawo shi, motar kuma mai take sha, in mai ya hau shi ma ya hau. Wannan ta ɗan tsaya mata a wuya, sai ta ce in gaya masa ya rage gishiri a maganarsa, yaro ne.

Wata Juma'a ya ɗauko zancen hasken rana, wai nan gaba da rana za a riƙa girki, kuma Tamale ai Allah ya hore mana ita. Mashudatu ta ce ta yarda, ranar da rana ta dafa wake har ya nuna a kira ta ta ɗanɗana. Bashiratu tana gefe tana dariya har da hawaye, ta ce mu ukun duka ba mu da aikin yi. Ni dai ina jin daɗin abina, don a kowane gida sai an ba ni abinci kafin a ba ni saƙo.

Sai ranar da ya aiko da tambayar da ta canza komai. Ba da gatse ya yi ta ba. Ya ce, "Mma Zuleiha, ki tambaye ta, lokacin da ta fara, daga ina gawayi ke zuwa? Yanzu kuma daga ina yake zuwa?"

Na same ta a rumfa da la'asar na faɗa mata. Na jira amsa. Ta ci gaba da ƙulla leda, ta ƙulla ta kwance, ta sake ƙullawa. Can ta ce, "Yaron nan bai yi ƙarya ba. Da a ka ake kawo mini. Daga baya a keke. Yanzu direbana Tahidu sai ya wuce Damongo da babbar mota, ya kwana a hanya, ya dawo da rabin lodi. Ni na ga dajin nan yana ja da baya da idona, kuma da hannuna a ciki."

Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba, sai tausayinta ya kama ni. Na ce to ko za ta duba maganar hutun.

Ta ce, "Zuleiha, tsoro nake ji. Ba yunwa nake tsoro ba, na san ba zai bar ni da yunwa ba. In na rufe rumfar nan, wa zai biyo ya ce mini ina kwana? Wa zai ce Magajiya zo ki raba mu? Tun ina amarya wutar unguwar nan ta hannuna take bi. Ban san yadda ake zama mutum ba tare da ita ba."

Wannan karon ban kai wa Mudasiru komai ba. Na ce masa tana nazari.

Tana da wata tsohuwar ƙawa, Lamisi, Badagombiya mai yin man kaɗe a bayan gari. Lamisi ta biyo rumfa kwanaki kaɗan bayan haka, suka gaisa da Dagbanci, ana ta "naa, naa", sannan ta zauna a kan buhu ta fara ƙorafi da Hausarta.

"Mashudatu, kaɗanya duka ya ƙare kraa. Mata ya tafi daji, ya dawo kwando babu komai. Mutanenka ya sare, ya ƙona, ya kawo maka a buhu."

Mashudatu ta ce ita ta daɗe da hana Tahidu kawo mata gawayin kaɗanya. Lamisi ta ce in ita ba ta saya ba wata za ta saya. Suka ɗan taɓa faɗa irin nasu, suka huce, sai hira ta gangaro kan baƙin dattin nan mai kauri da ke kwantawa bayan an kwashe man kaɗe. Lamisi ta ce ya cika musu bayan gida. Sukan busar da kaɗan su hura wuta da shi, amma saurin ci gare shi, ga hayaƙi, sauran kuwa sai dai ruwa ya tafi da shi.

Ina zaune na ga Mashudatu ta juya ta zuba wa tulin garinta ido. Ta ce ta tuna wata shekara da aka yi ƙarancin gawayi, uwar mijinta ta kwaɓa gari da ragowar koko ta dunƙula ta shanya, suka yi girki da shi har aka samu sauƙi. Ta ce garin ba ya kama wuta da wuri amma yana daɗewa, na Lamisi kuma yana kamawa amma ba ya daɗewa. Lamisi ta ce to a ɗaura musu aure mana.

Ba a rana ɗaya abin ya yiwu ba. Na farko da suka dunƙula ya bushe ya ruguje a hannu. Na biyu ya yi hayaƙin da ya kori kajin maƙwabta. Suka rage wannan suka ƙara wancan, suka dama kullun rogo suka zuba don ya riƙe, har suka samu wanda ke ci a hankali da jan garwashi. Duk ranin nan tsofaffin biyu suna bayan rumfa, hannu dumu-dumu, suna dunƙulawa suna zagin juna suna dariya. Sukan jera su a kan kwano su bushe, baƙaƙe ƙirin, girman curin fura.

Mutanen zango kuwa ba a raba su da tsokana. Wani mai shayi ya leƙa ya ce Magajiya ta fara dama wa aljanu fura, shi ke nan suna ya bi abin, furar aljanu. Aka yi ta zuwa kallo, amma saye babu. Mace za ta ɗauka ta jujjuya ta ajiye, ta ce a ba ta gawayin gaskiya. Mashudatu ta sha kunu ta ci gaba da yi, tana cika buhuna tana jibgewa a ɗakin ajiya. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in kai labarin Kanvili, wai kada yaron nan ya ɗauka maganarsa ce ta yi aiki.

Damina ta shigo da ƙarfi, Bashiratu kuma cikinta ya tsufa ta dawo gida haihuwa. A daidai nan gas ya ɓace a gari. Wasu suka ce direbobin tanka ne suka ajiye aiki a kudu, wasu suka ce jirgin ruwa ne bai iso ba, kowa da nasa. Abin da muka gani dai shi ne layin silinda a gidajen mai, an jera su an ɗaure da igiya, masu su na zaune a kai suna gyangyaɗi. Duk wanda ya taɓa yi wa gawayi kallon raini ya kakkaɓo tsohon kurfotinsa ya nufo Moshi Zongo.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da Mashudatu ta yi rawa. To amma ruwa ya cinye hanyar daji, motar Tahidu ta maƙale a can, masu ƙona gawayin ma sun koma gona. Ɗan abin da ya rage a gari farashinsa ya tashi sama, wasu daga cikin 'yan uwanta suka ɓoye buhuna suna jiran ya ƙara hawa. Ta bi su rumfa rumfa ta wanke su tas, wasu suka fito da shi, wasu suka rantse babu. Nata kuwa ya ƙare ƙaf. Da mata suka rasa yadda za su yi, sai mai waina ta ce a ba ta furar aljanun nan ta gwada. Washegari ta dawo da ƙawayenta.

Ana cikin wannan hali Bashiratu ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Gida ya cika da murna, ni har na manta da ciwon gwiwata. Tun da iyayen Mudasiru suna nesa, ɗakinsa kuma ɗaya ne, aka tsayar a gidanmu za a yi suna. Suna a zango kuwa ba a gayyata, kowa zai zo, kuma kowa da cikinsa zai zo.

Ana saura kwana biyu Mudasiru ya shigo da yamma. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya cire takalmi ya tsuguna, aka gaisa, sai ya kama wasa da makullin motokin. Ashe shagonsa babu ko silinda ɗaya mai nauyi. Ta ɗakinsa ma ya ba wata kwastomarsa mai toya ƙosai, don da shi take ciyar da marayu.

Da ƙyar ya ce, "Mma Zuleiha, ki gaya wa Mma an sayi shinkafa, an sayi rago, amma ba ni da wutar dafawa. Ko za ta taimake ni da gawayi."

Mashudatu tana kallon bango, amma ina ganin gefen bakinta yana motsi. Ta ce, "Ki tambaye shi, wanda kwanansa ya ƙare yake so, ko akwai wani?"

Ya sunkuyar da kai yana dariya. Ya ce in gaya mata ya karɓi wannan, ya kuma cancanta.

Ta miƙe ta buɗe ɗakin ajiya. Buhuna ne a jere a gefe guda, an ɗaure bakinsu da jan ƙyalle. Tun ranar da aka haihu ta ware su, ta hana sayarwa duk da mata na roƙo. Ta ce in gaya masa gawayi babu, ita ma ba ta da shi, wannan ne kawai. Ya ɗauki curi ɗaya ya jujjuya, ya shinshina, ya tambayi abin da ke ciki. Da na faɗa masa sai ya daɗe yana kallon abin. Ya ce, "Ba a sare ko reshe ɗaya ba ke nan." Ta ce in gaya masa kada ya cika surutu, ya zo da masu ɗauka.

Ranar suna muka tashi da ruwa. Tun kiran sallah yake zuba kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta zama tafki, duwatsun murhun da aka kafa jiya duk suna cikin ruwa. Manyan tukwane za su iya jira ruwa ya tsagaita, amma malamai da dattawa sun fara cika zaure, a jiƙe, kuma ba a sallamar su ba koko ba shayi. Mai jego ma tana jiran ruwan zafi. Wuri ɗaya ne busasshe, baranda, kuma ƙofar ɗakin jaririya a nan take. Aka kawo kurfoti za a hura, Mashudatu ta hana. Ta ce furarta sai ta yi hayaƙi kafin ta kama, ba kuwa za a tura hayaƙi cikin ƙirjin jikarta ba.

Mata suka tsaya cirko-cirko. Mudasiru na bakin baranda, ruwa na ɗiga daga hularsa. Sai na ga yayata ta taka zuwa lungu, ta sauke rediyo, ta yaye farin leshin ta ninke. Silindar na nan yadda aka kawo ta, ko hatiminta ba a cire ba. A ranar nan ban jin akwai cikakkiyar silinda a duk Moshi Zongo in ba ita ba.

Wata daga cikin masu gawayi ta ce, "Magajiya, a gaban mutane?"

Ta ce, "Ku buɗe ido da kyau ku gani, don kada a ba ku labari."

Mudasiru ya duba tiyo, ya haɗa komai, ya ja da baya ya tsuguna. Na ɗauka shi zai kunna, sai ta karɓi ashana. Kyautarta ce, in ji ta, ita za ta kunna abinta. Amma matar da ta shekara talatin tana wasa da garwashi sai ga ta tana leƙen murhun, ba ta san ta inda za ta fara ba.

Ya ce, "Mma Zuleiha, ki gaya mata ta fara ƙyasta ashanar, sannan ta murɗa a hankali."

Na buɗe baki ke nan ta ɗaga mini hannu. Ta juyo ta dube shi, ido cikin ido, karo na farko tun da ya auri 'yarta.

"Ina jin ka, ɗana. Faɗa mini da bakinka. Ta wane gefe?"

"Hagu, Mma. Kaɗan kaɗan."

Wuta ta tashi shuɗiya, ba ƙara ba hayaƙi. Ta ɗan ja baya, ta leƙa ƙarƙashin tukunyar, ta ce ba laifi, amma wuta ce marar fara'a. Baranda ta kaure da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Kafin a jima koko ya isa zaure.

Da liman ya yi addu'a aka sanar da suna, sai muka ji an ce Mashudatu. Babu wanda ya gaya mata tun da farko. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ni ma ban tsaya ɓoye nawa hawayen ba. Wajen hantsi ruwa ya ɗauke, aka kwashe na tsakar gida, aka ɗora manyan tukwane a kan furar aljanu. Ta ci har la'asar ba a ƙara mata da yawa ba, shinkafa ta nuna, nama ya yi laushi, duk wanda ya ci sai ya zagaya bayan tukunya ya ga abin da ya dafa.

Da jama'a suka ragu Mudasiru ya dawo ya tsuguna. Ya saba, sai ya fara da "Mma Zuleiha, ki gaya", ya kama kansa, ya juya wajenta.

"Mma, na janye maganar hutu. Ban san abin da nake nema in karɓe miki ba. Abin da nake roƙo, ki riƙa ba ni buhunan nan ina ajiyewa a gaban shago. Wanda ya zo babu gas, kada ya koma hannu wofi."

Ta ce za ta yi shawara da Lamisi, don ba ita kaɗai ke da abin ba. Sannan ta ce, "Kuma tulin nan nawa zai ƙare wata rana. Sai an bi rumfuna an tattaro na sauran, da buntun shinkafa in zai yi. Kana da motokin."

Ya ce yana da shi.

Washegari tun kafin masu koko su fito ta buɗe rumfa. Ina jin muryarta daga gida tana yi wa wani faɗa a kan ya taka mata shanya.

Yanzu takwararta ta fara tafiya, kullum tana bayan rumfa tana ɓata riga. Gas ya dawo, gawayi ma yana zuwa jefi jefi, furar aljanu kuma ta samu masu ita, har daga Aboabo ake aikowa. Da safe Mashudatu kan dafa shayinta a kan silinda ba tare da ta rufe ƙofa ba. In ta ƙare, da kanta take tare yelo-yelo ta kai Kanvili, ta zauna a bencin shagon surukinta su ɗora daga inda suka tsaya. Shi yana nan a kan bakansa cewa rana za ta dafa wake, ita kuma ta ce tana jira. Ni aikina ya ƙare, ba mai aike na. Nakan bi ta dai in zauna a gefe da gyaɗata ina saurare, kuma har yau ban ga wanda ya gaji ba.